Neman shawara: Ina so in sa shuke-shuke masu rai a tankin kifina, amma aljihu ba nauyi

Baban Yara, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tankin gilashi na kifin ado a falo, tsawonsa ƙafa 3, yana cin ruwa kusan lita 100. Ya daɗe yana aiki lafiya lau. A ciki akwai gofi da filati, sun hayayyafa sosai, sai golfish guda biyu da yarana suka fi ƙauna. Ƙasan tsakuwa ce, furannin kuma na roba ne, duk sun koɗe, gansakuka ta lulluɓe su. Ina so in cire su in sa tsirrai na gaske. Wani mai sayar da kayan kifi ya ce min sai na kwashe komai, na sayi ƙasa ta musamman daga waje, da tukunyar gas ɗin kabon dayoksaid (iskar da tsirrai ke sha), da fitila mai tsada. Lissafin da ya yi min ya ninka kuɗin tankin kansa. Abin da na ware bai wuce naira 30,000 ba, kuma babban tsorona kada kifin su mutu a garin gyara. Ta ina zan fara?

Malamin Kimiyya, Zariya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kafin komai: kada ka kwashe tankin nan. Abu mafi daraja da kake da shi yanzu ido ba ya ganinsa. Kashin kifi da ragowar abinci suna fitar da amoniya, guba ce gare su. A cikin soson matatar ruwanka da jikin tsakuwa akwai ƙwayoyin bakteriya masu mayar da amoniya naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait naitiret, wanda kifi ke iya jurewa, tsirrai kuma ke sha a matsayin taki. Sabon tanki yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin waɗannan ƙwayoyin su kafu. Kai naka sun riga sun kafu. Ranar da ka wanke tsakuwa da soso gaba ɗaya, musamman da ruwan famfo mai kulorin, ka koma farko da kifi cike da tanki, kuma a nan ne mutane ke yin asara. In soson ya yi datti, ka matse shi a cikin ruwan da ka ɗebo daga tankin.

Lissafin da aka yi maka na irin tankunan da ake gani a hotuna ne, salon da marigayi Takashi Amano na Japan ya yi fice da shi, ciyawa shimfiɗe a ƙasa har bakin gilashi. Wannan kam yana son gas da haske mai ƙarfi. Amma akwai tsirrai da ba ruwansu da duk wannan. Na farko anubiyas, kuma ɗan gida ne: asalinsa rafukan dajin kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru, inda yake manne wa duwatsu a inuwa. Sai jaba fan na kudu maso gabashin Asiya. Su biyun ba a binne su. Suna da wani kara kore da ke kwance, daga shi ganye da saiwa suke fitowa, in ka binne shi zai ruɓe. Ɗaure shi za ka yi da zare a jikin dutse ko itace, ko ka ɗiga masa ɗan sufa gulu mai kauri. Cikin 'yan makonni saiwar za ta kama da kanta. Ka ga ko tsakuwarka ba ka taɓa ba.

Ɗan Jos:
Malam ya yi bayani, amma ni a ganina in za a yi a yi mai gaba ɗaya. Akwai hanyar wata Ba'amurkiya, Diana Walstad: a shimfiɗa ƙasar lambu kaurin inci 1, a rufe ta da yashi ko ƙananan tsakuwa inci 1, a cika tankin da tsirrai tun ranar farko. Ƙasa kyauta ce, kuma tana ciyar da saiwa shekara da shekaru. Ka kwashe kifin a baho da tsohon ruwansu, matatar tana aiki a ciki, ka yi aikinka ka mayar da su. Nawa haka yake, balisneriya, wata ciyawar ruwa mai dogon ganye, har sai na riƙa cirewa ina kyauta.

Maman Biyu, Kaduna:
Ɗan Jos, hanyarka tana aiki, ba musu. Sai dai sabuwar ƙasa tana sakin amoniya a makonnin farko, shi kuma Baban Yara kifinsa da yawa, ga golfish masu tono. Rana ɗaya za su huda yashin su mayar masa da ruwan kunu.

Yaya, ga yadda za ka ci amfanin ƙasa ba tare da ka rushe komai ba. Je wurin masu tukwane ka sayi ƙananan kasake na yumɓu, waɗanda ba a yi wa fenti ba. Ka samo ƙasa daga inda ba a zuba takin zamani ba, ba a yi feshi ba, kuma ba kashin dabbobi. Ka tankaɗe ta, ka jiƙa ta a bokiti, ka tsiyaye duk abin da ya taso sama, ka shanya, ka maimaita haka har ruwan ya daina wari. In ka haɗa da ɗan jar ƙasa ma ya fi, tana da sinadarin ƙarfe da tsirrai ke so. Ka zuba rabin kasko, ka dasa, ka rufe da yashin rafi wankakke, sannan ka jera duwatsu masu girman ƙwan kaza a kai don kada kifi su tona. A hankali za ka nutsar da shi, za ka ga ƙananan kumfa suna fitowa daga yashin na ɗan lokaci, ba komai. Kasko ɗaya ko biyu a mako, kada ka zuba su duka lokaci guda. In wani ya ba ka matsala, hannu kawai za ka sa ka ɗauke shi.

Kuma don Allah kada kowa ya ba ka shawarar jefa NPK ko yuriya na gona a ruwan. Yuriya amoniya take komawa.

Baban Yara, Kano:
Allah ya saka da alheri. Maganar kaskon nan ta kwanta min ƙwarai. To golfish ɗin fa, dole sai na raba su? Yaran ba za su ji daɗi ba.

Maman Biyu, Kaduna:
Ba dole ba ne, amma ka san halinsu: duk ganye mai laushi abinci ne a wurinsu. Anubiyas da jaba fan ganyensu da tauri, yawanci sukan ƙyale su. Gaskiyar magana kuma, golfish suna girma, suna yawan kashi, kuma sun fi son ruwa mai sanyi fiye da gofi. In kana da hali nan gaba ka yi musu babban baho nasu a inuwa, su ma sun fi sakewa.

Mai Lambu, Haɗeja:
Ni mamakina yadda ake sayen abin da Allah ya ba mu a fadama. Kainuwa dashen Allah, ga ta nan a kowane kududdufi, tana shan dattin ruwa da sauri fiye da duk waɗanda kuka lissafa, 'ya'yan gofi kuma suna ɓuya a saiwarta. Bado ma haka. Wanda masu shago ke sayarwa da sunan taiga lotus jinsin badonmu ne. Ka samu ɗan ƙaramin tushensa ka ɗora a kasko, rabi a waje, kada ka binne shi duka. Duk ganyen da ya miƙe zai kai saman ruwa ka yanke shi, sai ya riƙa yin ganye a ƙasa. Akwai kuma wata ciyawa mai siririn ganye kamar gashi da ke yawo cikin ruwa ba saiwa, honwot suke ce mata, ita ma akwai ta a tafkunanmu.

Ma'aikaciyar Lafiya, Gusau:
Baba Mai Lambu, a yi min afuwa in sa baki, don wannan ya shafi lafiyar mutane. Ruwan kududdufi da madatsun ruwa a yankinmu akwai ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini. Tsutsarta ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. Waɗannan dodon koɗin a jikin ganyen bado da saiwar kainuwa suke maƙalewa, nan suke sa ƙwai. Mai tambaya yana da yara, kuma yara sai sun tsoma hannu a tanki. In za a ɗebo, a sa safar hannu ta roba, kada a shiga ruwan, kada a aiki yaro. A duba ganye ɗaya bayan ɗaya, a kankare duk wani abu mai yauƙi da ke manne a bayansa, ƙwan ke nan. A jiƙa su a ruwan alif, babban cokali 1 a lita 4, na kwana biyu, a ɗauraye sosai, sannan a ajiye su a bokiti daban na mako uku ana dubawa. In an ga ko dodon koɗi ɗaya a sake. Wannan jiran yana kuma tona tsutsar mazari, wadda ke cinye ƙananan kifi. Wanda ba zai iya wannan haƙurin ba, gara ya roƙi reshe a wurin mai tanki.

Mai Lambu, Haɗeja:
Maganarki gaskiya ce 'yata, a bi ta.

Ɗalibi, Bauci:
Ni yis da sukari nake haɗawa a gorar lemo, in ja siririn tiyo zuwa tanki, yana ba da gas ɗin kyauta. Ku gwada.

Malamin Kimiyya, Zariya:
Yana bayarwa, amma ba ya da makunni. Dare da rana yake fita, alhali da dare tsirrai ma iskar oksijin suke shaƙa kamar kifi. Ka haɗa wannan da zafin watan Afrilu a Kano, lokacin da ruwan ɗumi ba ya riƙe iska sosai, sannan a ɗauke wuta matatar ruwa ta tsaya. Da asuba za a tarar da kifi a sama suna haki. Tsirran da muka ambata ba sa buƙatarsa, Baban Yara ka bar shi.

Baban Yara, Kano:
Na gode. Saura fitila. Wadda ta zo da tankin shuɗiya ce mai rauni, kuma wuta a unguwarmu ba ta da tabbas. In matsar da shi bakin taga?

Malamin Kimiyya, Zariya:
Kusa da taga inda haske ke shiga ba laifi, amma kada rana ta dake shi kai tsaye, ruwan zai yi zafi ya koma kore. A nan ne ya kamata kuɗinka su tafi. Shagon kayan wuta za ka je, ba na kifi ba. Ka nemi fitilar LED irin ta haska tsakar gida, wat 10 guda biyu, farin haske, ka duba kwalin an rubuta 6500K, ka rataye su sama da ruwan yadda feshi ba zai taɓa waya ba. Ka fara da awa 6 a rana, in tsirrai sun kama ka kai 8. Wuce haka gansakuka kake nomawa. In an wuni ba wuta kwana ɗaya ko biyu, anubiyas ba zai damu ba. Matatar ce abin ji, don bakteriyar nan suna buƙatar ruwa mai motsi. Da ragowar kuɗin ka sayi ƙaramin injin iska mai aiki da USB, ka jona shi da fawa bank.

Duwatsun da za ka sa, ɗiga musu ruwan kal tukuna. Wanda ya yi kumfa yana da farar ƙasa, zai ƙara wa ruwan nauyi, ka ajiye shi. Itace kuma busasshe mai tauri, ba ɓawo, ba ƙaro, a tafasa shi a jiƙa har ya nutse.

Maman Biyu, Kaduna:
Ƙarin abu ɗaya, don kada hankalinka ya tashi. Yawancin tsirran shago a wajen ruwa aka raine su, in sun shiga tanki tsofaffin ganyen sukan narke. Kada ka tumɓuke, cire ruɓaɓɓen kawai, ka duba tsakiya za ka ga sabon toho. Ka riƙa canza kwatar ruwan duk mako da ruwan da ya kwana a buɗaɗɗen bokiti. Kainuwa kuma ka riƙa rage ta kada ta rufe fiye da sulusin saman, kuma ba ta son murfi, raɓar da ke ɗigowa tana ruɓar da ganyenta.

Baban Yara, Kano:
To ga yadda na tsara: wannan makon fitila da injin iska, da anubiyas a kan dutse. Furannin roba zan riƙa cire su kaɗan-kaɗan. Kasake su biyo baya idan ƙasar ta gama jiƙa. Kainuwa sai ta yi zamanta a bokiti. Ɗan Jos, in da hali ina roƙon balisneriyar nan da kake kyauta.

Ɗan Jos:
Ba damuwa Yaya. Zan naɗe ta a jiƙaƙƙen tsumma cikin leda in ba direba a tasha, kwana ɗaya a hanya ba ya yi mata komai. In ta iso, saiwar kaɗai za ka binne, farin wuyan da ganye ke fitowa ka bar shi a saman yashi.