Tikitin sidi 100 ya koma 350: muhawarar zauren Zumuncin Zango, Kumasi

Awal Pragya: Salamu alaikum iyaye da 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, yau raina a ɓace yake. Wasan kiɗan da za a yi a filin ƙwallo na Baba Yara ranar Asabar, tun watan jiya na yi wa ƙanwata alkawari zan kai ta, don ta gama jarrabawar WASSCE ta ƙarshen sakandare kuma ba ta taɓa taka ƙafarta cikin filin nan ba. Ranar da aka buɗe sayar da tikiti ina kan titi da fasinja tsakanin Aboabo da Asawase. Kafin in ajiye keke bayan la'asar in duba waya, na sidi 100 ya ƙare ƙaƙaf. Yau sai ga wani yaron unguwarmu, wanda muka yi makarantar allo tare, ya sa a WhatsApp wai yana da guda 12, kowanne 350. Na kira shi na ce don Allah ko 150 ya ba ni biyu. Ya ce in ban saya ba wani zai saya. Biyu 700 ke nan. In na cire kuɗin mai da na mai keke, kwana nawa zan yi kafin in haɗa 700? Shi ko wasan ma ba zai je ba. Wannan ba kasuwa ba ce, kalabule ne tsantsa, wato kwashe kaya a tsuga wa mutane farashi, kuma ina so manyanmu su yi magana.

Sule Waya: Sannu Awal, abin da ciwo. Amma masu shirya wasan ma ai haka suke yi. Su fito da na farko mai araha, in ya ƙare su fito da na gaba mai tsada, ranar wasa a bakin ƙofa ya ƙara hawa. Su in sun ƙara sunansa tsari, yaron unguwa in ya ƙara sunansa kalabule? Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Hajiya Mariya: Awal ɗana, goge kalmar nan. Ba a haife ka ba lokacin da take kashe mutane da ransu. A 1979 ina da shekara 14, ina taya mahaifiyata zama a babbar kasuwar Kumasi. Sabulu take sayarwa da sukari da madarar gwangwani. Ita ba ta taɓa samun kaya a farashin gwamnati ba, hannu na uku ko na huɗu take saye, da tsadarsa. Sojoji suka zo suka ce ta wuce farashi, suka tara jama'a suka sayar da kayanta a gabanta yadda suka ga dama. Maƙwabciyarta kuwa kwantar da ita suka yi a kan teburinta suka yi mata bulala, 'ya'yanta na kallo. Mutane na tafi suna ihu kalabule, kalabule. A watan Agusta na shekarar aka rushe kasuwar Makola a Accra, kuma rushewar ba ta kawo wa kowa madara ba. Inna ba ta sake tsayawa da ƙafarta a kasuwa ba har ta koma ga Allah. Ka kira yaron nan marar tausayi, ka kira shi mai haɗama, ba zan ce uffan ba. Ban da wannan.

Baba Tanko: Allah ya jiƙan Inna, Hajiya. Abin da aka yi wa matan kasuwa zalunci ne, ban musa ba. Amma a faɗi labarin duka. Zamanin mulkin soja na Acheampong, 1972 zuwa 1978, mu ne muke bin layi tun asuba saboda gwangwanin madara ɗaya, kaya kuwa suna jibge a ɗakunan manya. Wanda ya san wani babba sai a rubuta masa takardar izinin ɗaukar kaya, ya fito waje ya sayar da takardar ninki biyar, ko katan ɗaya bai taɓa da hannunsa ba. Shi ne kalabule na asali. To yaron da Awal ke faɗa me ya yi? Takarda ya saya, takarda yake sayarwa. Kalmar ta zauna daidai. Juyin mulkin Rawlings na 4 ga Yunin 1979 ba banza ya zo ba.

Sule Waya: To, Baba ya shigo da jam'iyya.

Baba Tanko: Ni ban ambaci lemar jam'iyyar NDC ta Rawlings ba. Kai ne giwar jam'iyyar NPP take yi wa yawo a ka. A 1979 babu NDC babu NPP, je ka tambayi babanka.

Mubarak Nima: Ni abin da na ji, kalmar ma daga Hausa aka samo ta.

Rukayya: Yaya Mubarak, daga wace Hausar? Kawo mana asalin kalmar mu gani. Duk abin da ba shi da kyau a ƙasar nan sai a rataya shi a wuyan zango, kai ma kana taya su. Yaran da ke tsayawa ƙofar ofisoshi suna karɓar na goro don a gaggauta takarda, su ma "goro boys" ake ce musu, alhali kowace ƙabila akwai a cikinsu.

Alhaji Garba: Rukayya kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Goro ne ya kafa zangon nan. Kakanninmu da ƙafa da jakuna suka riƙa ɗaukar goro daga Salaga har Kano, wata da watanni a hanya, suna yayyafa masa ruwa suna sauya ganye kada ya bushe. Sun saya da araha sun sayar da tsada, kuma da kuɗin aka gina masallatan da muke salla a ciki. In saye da araha a sayar da tsada laifi ne, to duk zango a ɗaure mu.

Baba Tanko: Alhaji, ka faɗa da bakinka: wata da watanni a hanya. Yaron nan tafiyar nawa ya yi? Daga katifa zuwa wajen cajin waya.

Awal Pragya: Don Allah iyaye, maganar tikiti nake yi.

Sule Waya: Tafiya ba ita kaɗai ce wahala ba Baba, akwai kasada. Ya zuba 1,200 na aljihunsa. In aka tafka ruwa ranar Asabar fa? In mawaƙin bai zo ba fa? A Disambar 2022 mutane sun cika filin wasa na Accra suna jiran Wizkid har dare ya raba, bai hau dandamali ba. Rago in bai sayu ranar Layya ba ka mai da shi gida ka ci gaba da ba shi dusa. Tikiti kuwa da gari ya waye ya zama shara. Ga kuma cajin MoMo, wato asusun kuɗi na waya, da haraji.

Rukayya: Wane haraji? An soke E-levy, harajin tura kuɗi ta waya, tun Afrilun 2025.

Sule Waya: Cajin cire kuɗi fa, shi ma an soke?

Baba Tanko: Wa ya kawo E-levy a 2022, wa ya soke? Amsa wannan tukuna.

Malam Inusa: Jama'a a yi salati. Tunda an nemi manya su yi magana, ga abin da na sani. A cikin Muslim akwai hadisin da ya ce ba mai ɓoye kaya sai mai laifi. Malamai da yawa sun taƙaita shi ga abinci, amma a mazhabarmu ta Malikiyya ya game duk abin da ɓoye shi zai cutar da jama'a a kasuwa. A ɗaya ɓangaren kuma, da farashi ya tashi a Madina sahabbai sun roƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsayar musu da farashi, bai yi ba. Don haka riba kanta ba ta da iyakar da aka yanka. Abin dubawa shi ne, shin mutum ya kwashe kaya ne don ya ƙuntata wa mutane su dawo hannunsa dole? Wanda ya sayi biyu, uzuri ya taso masa ya sayar, daban. Wanda ya sayi 12 ba shi da niyyar zuwa, ya binciki zuciyarsa.

Sule Waya: Malam ya ce riba ba ta da iyaka. Magana ta ƙare.

Baba Tanko: Malam ya ce ya binciki zuciyarsa. Karanta har ƙasa.

Ustaz Hamza: Inna lillahi. Dattawa da furfura kuna jayayya a kan farashin shiga wurin kiɗa da cakuɗar maza da mata har asuba. Malam, da girmanka, kamata ya yi ka fara da hukuncin wurin kafin hukuncin tikitin. Awal, ka gode wa Allah da ya tsare ƙanwarka. Yaron nan taimakonka ya yi bai sani ba.

Awal Pragya: Ustaz, ƙanwata da ni za ta je, da ni za ta dawo. Kada ka sa ta cikin bakinka.

Malam Inusa: Hamza, tambayar ciniki aka yi, ita na amsa. In an tambayi ta kiɗa zan amsa. Kuma ka koyi yadda ake yi wa na gaba gyara.

Mubarak Nima: Ustaz, ranar Ghana da Najeriya a Baba Yara, Maris 2022, wasan da aka tashi babu ci, wa na gani bayan katanga yana ciniki da yaran da ke sayar da tikiti a hannu? Har ka ce in ara maka 50.

Ustaz Hamza: Ƙwallo daban, kiɗa daban. Kuma na biya ka.

Mubarak Nima: Ni dai na san 'yan Kotoko, ƙungiyar ƙwallon Kumasi, in abu ya zo kansu sai ya zama daban. Mu a Accra ba ma wannan kukan. Sallafest, wasan kiɗan Sallah, a titin Nima ake yi, ba ƙofa ba tikiti. Mawaƙi Stonebwoy ma ya sha yi wa Ashaiman wasa kyauta.

Sule Waya: Ɗan Nima yana yabon Stonebwoy? Bari 'yan Shatta Wale, abokin hamayyarsa, su ji, ka nemi wurin kwana. Kuma kada ɗan Accra ya yi mana wa'azin araha. Tun Shekarar Komowa ta 2019, da aka gayyato baƙaƙen fata na ƙetare, Disambarku ta zama ta masu dala, tebur ɗaya a wurin wasa ya fi kuɗin hayar ɗaki na shekara a Aboabo.

Mubarak Nima: Hassada ce. Ku fara cin Hearts ɗinmu ta Accra a ƙwallo tukuna.

Alhaji Garba: Mubarak, Sule, ku kai ƙwallonku wani zauren.

Rukayya: Ba wanda ya tambayi yadda mutum ɗaya ya sami 12. In masu shirya wasa suna so, sai su ce lambar waya ɗaya tikiti huɗu, tunda kowane layi an yi masa rajista da katin shaidar ɗan ƙasa na Ghana Card. Ko su rubuta sunan mai saye a jikin tikitin a duba a ƙofa. Ba sa yi ne don su dai kuɗinsu ya shigo da wuri su ce an sayar duka. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuma Yaya Awal, ko ka sami kuɗin kada ka karɓi hoton tikiti ta WhatsApp. Lambar QR sau ɗaya take aiki, ana iya tura hoto ɗaya ga mutum biyar, wanda ya fara isa ƙofa shi ya shiga, sauran su tsaya waje da kuɗinsu a hannun wani.

Hajiya Mariya: Har yanzu ina ganin kalmar a sama. Tanko, kai da ka ce ta zauna daidai, ba uwarka aka kwashe wa kaya ba.

Baba Tanko: Hajiya, uwata ce ta kwana a layin sukari da goyo a bayanta. Kowa da inda ɗakinsa ke yoyo.

Hajiya Mariya: To waɗanda suka rubuta takardun, su aka kwantar a tebur ko mu?

Baba Tanko: An harbe Acheampong da wasu manyan sojoji a watan Yunin nan. Ba mata kaɗai suka ɗanɗana ba.

Alhaji Garba: Ya isa haka. Tunda ni aka ɗora wa riƙon zauren nan, ga abin da aka cimma. Na ɗaya, kusan kowa ya yarda kalmar kalabule ba ta dace ba, kuma ta sosa wa Hajiya rai, don haka Awal ya janye ta. Na biyu, Malam ya tabbatar mana shari'a ba ta yanka wa riba iyaka ba, kuma tikiti ba abinci ba ne, ba wanda yunwa za ta kashe don bai je wasa ba. Ciniki ba dole. Na uku, kamar yadda Rukayya ta nuna, laifin na masu shirya wasa ne. Yaro mai neman halal ɗinsa ya fi wanda ke zaune a bes, majalisar samari, yana shan ataya yana jiran a ba shi. A bar ɓata wa 'ya'yan mutane suna. An rufe wannan magana.

Baba Tanko: Wane kusan kowa? Ni ban yarda ba, Awal bai yarda ba. Ƙirga mana.

Malam Inusa: Alhaji, rabin maganata ka ɗauka. Ina batun Malikiyya da wanda ya sayi 12?

Rukayya: Ni ban wanke yaron ba Alhaji, duka biyun na ce. Kuma a gafarce ni, yaron da ake magana ba shi ne mai zama a shagonka ranar Juma'a ba?

Alhaji Garba: Wannan ba ya cikin maganar.

Hajiya Mariya: Awal, na gane yaron, uwarsa muna adashi tare. Bayan isha'i zan taka gidansu in ga ko zai ba ka biyu a 150. Amma ka goge kalmar nan kafin in fita.

Awal Pragya: Na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma, Allah ya jiƙan Inna. Saƙon ya daɗe, wayar ba ta ba ni damar goge wa kowa yanzu. Ba zan sake faɗinta a gabanki ba. Amma in ya ba ni biyu saboda kunyarki, sauran goman fa, 350 zai sayar wa 'ya'yan waɗanda ba su da Hajiya.