Ina neman shawara a kan kalmar shamar a Zabura 121

Mai tambaya: Salama gare ku 'yan'uwa. An ba ni jagorancin binciken Littafi Mai Tsarki a zumuntar mata ranar Talata, a kan Zabura 121. Fastonmu ya ce kalmar da aka fassara "kiyaye" ita ce shamar a Ibrananci. Abin da ya dame ni, a cikinmu akwai uwar da ɗanta ya rasu a hatsarin mota bara, kuma wannan zabura ta karanta masa kafin ya kama hanya. Da wane baki zan ce mata Ubangiji yana kiyaye fitarmu da shigarmu, kamar yadda zaburar ta ce?

Malamin makarantar Baibul: 'Yar'uwa, shamar aikin mai gadi ne da makiyayi, wato sa ido a kan abin da aka damƙa maka. Sau 6 ta fito a ayoyi 8 na zaburar. Ita ce a Farawa 2:15 inda aka ba Adamu gonar Aidan ya kiyaye, ita ce kuma a bakin Kayinu da ya tambaya ko shi mai tsaron ɗan'uwansa ne. Amma ki tsaya a Farawa 28:15. A Betel Allah ya yi wa Yakubu alkawarin zai kiyaye shi duk inda ya sa ƙafa. Sai ga shekara 20 a hannun kawunsa Laban: zafi da rana, sanyi da dare, barci ya ƙaurace masa, an sauya masa lada har sau 10. Da bakinsa ya lissafa waɗannan, kuma da bakin nan ya shaida Allah yana tare da shi. A fahimtata, alkawarin shi ne mai gadin ba ya gyangyaɗi, ba ya barin bakin aikinsa, ko a daren da aka fi shan wuya.

Wani ɗan'uwa: Kalmar shamar ɗin nan ce kuma a albarkar firistoci, Littafin Ƙidaya 6:24. A 1979 an tono ƙananan layu biyu na azurfa ɗauke da wannan albarka a Ketef Hinnom, a Urushalima. A cikin kabari aka same su, tare da matattu.

Uwar zumunta: 'Yata, malam ya yi bayani, amma kada ki tari mai makoki da Ibrananci a gaban jama'a. Ki je gidanta kafin Talata, ki zauna, ki gaya mata nassin da za a karanta. Idan ta yi kuka, ki bar ta ta yi. Idan ta ce ba za ta iya ji ba tukuna, ki roƙi fasto a ɗaga wannan zabura zuwa wani wata.