Wai faladin ɗina ya karya rantsuwa a kan buhun gero

Mai Garkuwa: Jama'a ku yi mini alƙalanci, raina a ɓace yake. Wata takwas ina rainon faladin ɗina, wato jarumin da ƙarfinsa ke fitowa daga rantsuwar da ya yi, a wasan Dungeons & Dragons, bugu na biyar, wasan tebur da kowa ke taka rawar wani jarumi a cikin labari, har ya kai mataki na bakwai. Daren Asabar, a cikin wasan, muka ɓoye yara uku a ƙarƙashin buhunan gero cikin amalanke, sojojin azzalumin sarki suka tare mu a ƙofar gari. Suka ce me muka ɗauko, na ce gero ne kawai. Na jefa dayis mai fuska ashirin, ɗan ƙwallon lambobi da ke yanke ko dabara ta ci, 17 ta fito, suka ba mu hanya. Kawai sai jagoran wasa, mai ba da labarin da yanke hukunci, ya rufe littafi, ya ce na karya rantsuwa, daga yau ba ni ba warkarwa da ɗora hannu. Na sani rantsuwar sadaukarwa da faladin ɗina ya yi ta hana ƙarya, amma cikin sharuɗɗanta biyar har da tausayi. Ni na ce dokar faladin tarko ce da jagorori ke ɗana wa ɗan wasa.

Ustazun Tebur: Ƙanena, kafin a je ko'ina, daina cewa rantsuwa. Rantsuwa da Allah ake yinta, tana da kaffara: ciyar da miskinai goma, ko tufatar da su, ko 'yanta bawa, in babu hali azumin kwana uku. Wannan naka alkawari ne a wasa.

'Yar Mai Sihiri: Malam, alkawari ai tsakanin mutum da mutum ne. Shi faladin daga abin da ya ɗauka ɗin ƙarfinsa ke fitowa. Wane alkawari ka taɓa gani ya sa takobi ya yi haske?

Ustazun Tebur: Wace rantsuwa kika gani ta sa?

Ɗan Baka: Ku ce mubaya'a kowa ya huta.

Ustazun Tebur: Wannan ma ya fi muni.

Tsohon Hannu: Yara kenan. Ku da kuka tsinci wasa daga bugu na biyar na 2014 ne kuke ta rantsuwa rantsuwa. Faladin ya shigo ne a 1975, cikin ƙarin littafin Greyhawk, shekara guda bayan fitowar wasan. A littafin Gary Gygax, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro wasan, na 1978 ba a ba ka zaɓi. Dole ka zama ɗan Adam, na kirki mai bin doka, makin kwarjininka ya kai 17. Kashi goma cikin ɗari na duk abin da ka samu sadaka ne, kayan sihiri kuma kada su wuce goma. Ka aikata mugunta da gangan, shi ke nan, ka koma soja gama-gari har abada. Yanzu fa? An kawo wata rantsuwa wai ta ɗaukar fansa, mutum ya yi ta yanka yana kiran kansa faladin.

'Yar Mai Sihiri: Baba, a 1978 ko auren iyayenka ba a ɗaura ba. A intanet ka karanta kamar kowa.

Tsohon Hannu: Ki iya bakinki. Ba ke ce kika ƙona masauƙin baƙi da mutane a ciki ba, kika ce kuskure ne?

'Yar Mai Sihiri: Kuskure ne mana. Kuma ni ban rantse wa kowa ba.

Ustazun Tebur: Kin ga, kin sake faɗa.

Ɗan Baka: Asalin kalmar ma ba ruwanta da wannan. Faladin manyan barade goma sha biyu ne na fadar Sarki Sharlaman a tatsuniyoyin Faransa, su Rolan. Daga Latin aka samo ta, ma'anarta na fada. Wato bafade ne, kuma bafaden da bai iya lanƙwasa zance ba ai ba ya daɗewa a fada.

Tsohon Hannu: Bafade? Barde dai. Bafade tumasanci ya iya.

Ɗan Baka: Kakana bafade ne, ka janye maganar nan.

Mai Garkuwa: Don Allah ku dawo kan maganata. Littafin da kansa ya ce wanda ya saɓa yana iya neman gafara wajen limamin addininsa a cikin wasan, ya kwana yana addu'a ko ya yi azumi. Sai wanda ya ƙi tuba ake raba shi da matsayin, ko a mai da shi mai karya rantsuwa. Ni ko tambayata ba a yi ba.

Jagoran Wasa: Ina karantawa tun ɗazu, na yi shiru ne don girman zumunci. Yaya, ka faɗa musu sau nawa na ce maka "ka tabbata?" kafin ka jefa dayis. Kana iya cewa akwai gero ka ja bakinka, kai ne ka ƙara "kawai". Ka kuma faɗa musu wa ya kwashe zinaren gidan ibada a watan jiya ya ce aro ne.

Mai Garkuwa: Aro ne. Kai ma dayis ɗina da ka ara tun ƙaramar salla fa?

'Yar Mai Sihiri: Ashe rikicin gida ne aka kawo mana.

Tsohon Hannu (mai kula da zaure): To, na rufe, ga taƙaitawa. An yi ittifaƙi cewa bugun 1978 ya fi tsari, tunda babu wanda ya kawo hujjar da ta rushe nawa. Kalmar rantsuwa an bar ta sai Malam ya ƙara bincike. Bafade ba barde ba ne, kuma ban janye ba. Batun yaran cikin amalanke ban ga wanda ya taɓa shi ba, don haka hukuncin jagora na nan. Wadda ta yi mini rashin kunya ta san kanta. Asabar ƙarfe takwas, kowa ya zo da kuɗin tsirensa, na gaji da biya.