Magana da wanda ke ƙarƙashin ruwa: kowa ya kawo abin da ya gwada

Mai walda, unguwar Zariya a Maradi: Salamu alaikum jama'a. Wata uku ke nan ina haɗa ƙaramin jirgin nutso na mutum ɗaya da tsohon tankin ƙarfe, irin wanda masu sha'awa ke ƙerawa a gida a Amurka da Turai. Ban shiga ciki ba tukuna. Ran Lahadi muka kai shi tafkin Madarunfa, muka ɗaure shi da igiya, na sa oba-oba a ciki kusa da rediyo mai kiɗa, eriyar oba-obar a waje, muna saurare da wata. Eriya na taɓa ruwa sauti ya fara kakarewa, da ya ƙara nitsewa shiru. Na tambayi kuɗin na'urar da masu nutso ke magana da ita, ya fi abin da na kashe a jirgin gaba ɗaya. Wa ya taɓa fama da irin wannan?

Mai haƙar rijiya, Tibiri: Wa alaikumus salam ɗana. Ni ban san jirgi ba, amma shekara ashirin ina sauka rijiya. Da igiya muke magana: ja ɗaya a tsaya, biyu a saki, uku a jawo. In ka ji ana fizga ba ƙaƙƙautawa, ka jawo kawai, kar ka tambaya. Wata rana ƙanena yana ƙasa muna ta hira ta tiyo, sai na ji muryarsa ta yi nauyi kamar mai gyangyaɗi. Na ja igiya, bai amsa ba. Da muka fito da shi leɓensa ya sauya, jikinsa sharkaf da gumi, sai da muka daɗe muna yi masa fifita kafin ya gane mu. Iskar ƙasan ce ta ɓaci. Tun ranar, na sama ne ke ja lokaci-lokaci, na ƙasa ya amsa, in bai amsa sau ɗaya ba an gama aikin. Tankinka rufaffe ne, numfashinka kaɗai zai ɓata iskar ciki, kuma ba lalle ne ka ji zuwan abin ba. Don Allah ka riƙe wannan.

Masunci, Madarunfa: Na gan ku ran nan. Mu in mutum ya nutsa kwance koma da ta maƙale, filafili muke bugawa a jikin kwalekwale. Yana ji raɗau. Ihu kuwa ko maƙogwaro zai tsage ba ya kai masa. Sai dai a cikin ruwa ba ka gane ta ina bugun ya fito.

Malamin kimiyya, Maradi: Abin da masunci ya faɗa haka yake. Sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa cikin iska, cikin ruwa kuwa kusan 1,500, shi ya sa kunne ke kasa rarrabe hagu da dama. Muryar da ta fito daga iska, fiye da kashi 99 cikin ɗari na ƙarfinta fuskar ruwa ke mayarwa baya. Bugun katako ko ƙarfe kuwa kai tsaye yake shiga ruwan. Saƙon rediyo irin na oba-obarka ruwa ke shanye shi, na gishiri ma ya fi namu. Saboda haka tun 1945 sojojin ruwan Amurka suka fara amfani da tarho na ƙarƙashin ruwa, wanda ke ɗora murya kan sauti mai kaɗawa kusan sau 8,000 a daƙiƙa, a can ɗaya ɓangaren a sauke ta. Sannan kar ka kwaikwayi tiyon Baba mai rijiya a jirgi. Kowace mita 10 ta zurfi na ƙara matsi daidai da na iskar duniya, in tiyo ya tsage ka buɗe wa ruwa ƙofa.

Mai gyaran rediyo, babbar kasuwa: Na gwada a duron ruwa a bayan shago. Na ciro faifan tagullar nan mai ƙara daga tsohon agogo, na liƙa masa waya da dalma, na lulluɓe shi da gam mai haɗi biyu, na jona da ƙaramin amfilifaya na LM386. Taɓa duron da cokali sai ka ji kamar a cikin kunnenka. Da na haɗa na biyu don ya aika murya, ana ji amma kamar mai magana da fura a baki, kuma amsa-kuwwar duron na cinye rabin kalmomi. Na farkon ma kwana biyu ruwa ya ratsa ta wajen wayar. Shawarata ƙanena, tunda dai igiya na ɗaure da jirgin, ɗaura waya a jikinta ka sa tarhon ƙofar gida mai batir. Na saka wa mutane da yawa, murya tas.

Mai walda, unguwar Zariya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, maganarka ta hana ni barci jiya. Ba zan shiga ba sai na warware batun iska, kuma zan ajiye guduma a ciki mu tsara bugu irin na igiyarku, ko da waya ta katse. Yaya mai rediyo, gobe bayan la'asar zan zo da tarhon. Abin da ya rage mini shi ne ramin da wayar za ta ratsa ƙarfen: da me zan toshe shi ruwa bai tsatso ba?