Kuɗin kakata na dā: in sayar ko in ajiye?

Ɗan Garwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kakarmu ta rasu bayan Babbar Sallah, Allah ya jiƙanta. Da muka buɗe adakarta, mun tarar da tsofaffin kuɗi ƙulle a ɗankwali: manyan azurfa huɗu masu hoton wata mata, an rubuta 1780, da anini mai huji, da 'yan faran na Kamaru masu kan barewa. Wani maƙerin farfaru a kasuwa ya taya azurfar. Ni kuwa hannuna ya ƙi saki, don ina yaro da su take yi mini wasan ƙirga. Me kuka gani?

Hajiyar Marwa: Allah ya gafarta mata, ɗana. Amma fa gado ne, ba naka kaɗai ba. A kimanta su gaban magada, ka biya kuɗin, sannan ka riƙe abinka.

Baban Kusiri: Waccan matar Mariya Tereza ce, sarauniyar Ostiriya. Kada 1780 ta ruɗe ka: shekarar rasuwarta ce, kuma an ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar har bayanta da daɗewa. Kowanne ya kai giram 28, fatake sun yi ciniki da su sosai a ƙasar Barno da Wadai. Maƙeri narkarwa zai yi, ya ƙera awarwaro. Kuma don Allah kar ka goge su da toka ko lemon tsami, masu tara irinsu ba sa son wanda aka kankare.

Ɗan Garwa: Na gode Baba. Hajiya, gobe zan samu kawunmu da maganar.