Ruwan majemu a Challawa: kotu na da wani amfani kuwa?

Abu Fatima: Assalamu alaikum. Manoman rani na bakin Challawa da Jakara sun daɗe suna kuka da ruwan da masana'antun jima na Challawa da Sharada da Bompai ke saki, baƙi wuluk, ga wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Duk wanda aka ce ya kai ƙara sai ya ce asarar kuɗi ce. Don Allah masana, a ina gizo ke saƙar?

Lauyan Gyaɗi-gyaɗi: Wa alaikumussalam, Malam. Sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa, amma yana Babi na 2, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta shi. Shi ya sa ake bi ta haƙƙin rayuwa a sashe na 33. A 2018 Kotun Ƙoli ta yarda ƙungiya ta shigar da ƙara a madadin jama'a, a shari'ar Centre for Oil Pollution Watch da NNPC. Inda ake faɗuwa dai hujja ce. Majemu da dama magudana ɗaya suke zubawa, kowa ya ce ba nasa ba ne.

Hajiya Rabi: Gaskiya ne, Barista, kuma tun wajen ɗibar ruwan ake ɓata shari'ar. A ɗiba wuri uku: bakin bututun masana'antar, sama da shi, da ƙasa da shi. A je da asuba, don galibi da dare ake saki. Robar ta zama an wanke ta da asid. Ta gwajin ƙarafa a ɗiga mata asid na naitirik har pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya sauka ƙasa da 2, a sa a ƙanƙara. Kuromiyam, ƙarfen da ake jima da sinadarinsa, nau'insa mai lamba 6, mafi guba, cikin awa 24 ake auna shi. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) na kuromiyam a ruwan sha miligiram 0.05 ne a lita. A rubuta rana da lokaci da duk hannun da robar ta bi. Idan wanda ya yi gwajin bai tsaya gaban alƙali ba, lauyan kamfani zai yi fatali da takardar.

Baban Nana: Ko an ci shari'ar ma fa? A 2005 Babbar Kotun Tarayya a birnin Benin ta haramta ƙona iskar gas a shari'ar Gbemre, har yau wuta na ci. Manoman Neja Delta huɗu da suka kai Shell ƙara a Holan a 2008, sai 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci, lokacin biyu daga cikinsu sun riga sun rasu. Ni shawarata, a fara kai wa NESREA, hukumar tarayya mai tilasta bin dokokin muhalli, ƙorafi a rubuce, a karɓo kwafi mai hatimi, tunda tana iya rufe masana'anta. Takardar za ta yi amfani a kotu daga baya.