Littattafan Babar da aka aiko wa ɗiyata: in ba ta ko in ɓoye?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Maraɗi nake. Ƙanen mijina da ke Faransa ya aiko wa ɗiyata mai shekara 6 littattafan Babar guda uku, giwan nan mai koren kwat. Katun ɗinsa kam ta haddace a waya. Jiya na buɗe ɗaya, Le Voyage de Babar, sai ga baƙaƙen fata an zana su da jajayen leɓe a matsayin masu cin naman mutane. Raina ya ɓaci. Amma Faransancinta na da rauni a lakwal, kuma ba ta taɓa son littafi haka ba. Ya zan yi?

Wata malamar firamare daga Damagaram:
Wa alaikis salam 'yar uwa. Wannan na 1932 ne, zamanin da Faransa ke mulkin ƙasarmu, ki ɗaga shi sama sai ta yi wayo. Ki fara da na farkon, na 1931. Jean de Brunhoff ya zana shi daga tatsuniyar da matarsa Cécile ke yi wa 'ya'yansu da dare. Sai dai ki zauna da ita, don shafin da maharbi ya kashe uwar Babar yana sa yara kuka. Ki duba kuma ko rubutun hannu ne mai haɗe-haɗe, tsofaffin bugun haka suke, mai koyon baƙi na wahala da shi.

Wani dattijo:
Ɗiyata, na farkon ma ai da sauran rina a kaba. Giwa ta je birni, tsohuwar Baturiya ta tufatar da ita, ta dawo daji a mota aka naɗa ta sarki saboda ta zauna da mutane. Mu da aka yi wa karatun nan mun san abin da ake nufi. Ki karanta mata, amma ki tambaye ta: da can giwayen ba su da hankali ne?

Wata uwa:
Baba ya faɗi gaskiya. Katun na 1989, aikin kamfanin Nelvana na Kanada da Faransawa, bai ɗauko waɗancan zanen ba. A ciki akwai rigimar Babar da Rataxes sarkin karkanda. Kunne yake buɗewa, ba ya koyar da karatu. Nawa yaran abin da ya burge su shi ne Babar ya auri 'yar uwarsa Céleste, wai auren zumunci har a wajen giwaye!

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Malama, rubutun haɗe ne kuwa. Voyage ya shiga akwati, yau bayan isha'i za mu fara ɗayan.